Akwatin Samfuran Tarihin Leshi: Katunan Sun Fi Littafin Koyarwa

Akwatin da wannan sharhi yake magana a kansa, wani ƙaramin kamfani mai sayar da kayan sana'ar hannu ta intanet ne ya haɗa shi, domin wanda yake son sanin yadda saƙar leshi ta faro a Turai da yadda ta yi ta sauya kama har tsawon shekaru kusan 500. A cikinsa akwai katuna 12, kowanne da ƙyallen leshi a manne da shekarun da aka yi yayin irinsa, sai madubin ƙara girma, da ƙaramin matashin aiki, da kwarkwaro 24 na katako, da fil, da zaren auduga, da takardun zane guda 3, da kuma ɗan littafin da yake ba da labarin sana'ar. Ra'ayina a kansa ya rabu gida biyu. Duk inda akwatin ya sa mutum ya taɓa da hannunsa ko ya duba da idonsa, ya koyar da abin da karatu kaɗai ba ya koyarwa, amma inda ya koma ba da labari a rubuce, sai ya karkata ga sarauniyoyi da fadoji, ya bar masu saƙar da injunan a gefe.

Katuna biyu na farko su ne suka fi kowanne amfani, duk da cewa su ne mafi ƙarancin ƙawa. Na farkon farin yadin lilin ne da aka zare wasu zaruruwansa na tsaye da na kwance, aka bar tagogi masu kusurwa huɗu, sannan aka bi da allura aka ɗaure sauran zaren aka cike tagogin da taurari. Wannan shi ne aikin da masu surfani na Italiya suka kai maƙura a ƙarni na 16, wanda ake kira reticella. A katin na biyu yadin ya ɓace gaba ɗaya. Ma'aikaciya ta zana fure a kan fata, ta shimfiɗa zare a kan layin zanen ta kama shi da ɗinkin wucin gadi, ta cike tsakiya da ƙulli bayan ƙulli irin wanda ake yi wa bakin ramin maɓalli, daga bisani ta yanke ɗinkin wucin gadin ta ɗaga aikin daga kan fatar. Mutanen birnin Venice na Italiya suka sa wa wannan suna punto in aria, wato ɗinki a iska. Idan aka ajiye katunan biyu kusa da juna, mutum yana ganin daidai inda leshi ya rabu da surfani: surfani ado ne da ake yi a kan yadi, leshi kuwa shi kansa adon ne ya zama yadin. Littafin ya ɓata shafi guda yana ƙoƙarin faɗin wannan, katunan sun faɗe shi a kallo ɗaya.

Reshe na biyu na sana'ar, wato leshin kwarkwaro, daga masu tufkar igiyoyin ado na siliki da zaren zinariya ya fito, kuma domin shi aka sa matashi da kwarkwaro a akwatin. Ana nannaɗe zare a wuyan kwarkwaro bibbiyu, a rataye su a jikin fil da aka soka a saman takardar zane, daga nan sai aiki ya koma motsi biyu kacal. Ko dai a ɗauki na hagu a cikin biyun da suke tsakiya a ƙetara shi kan na dama, ko kuwa a murɗa kowane biyu, na dama ya hau kan na hagu. Ƙetarawa da murɗawa da sake ƙetarawa suna ba da saƙa mai cika kamar yadi, ƙetarawa da murɗawa kaɗai suna ba da raga mai shara-shara, fil kuma shi yake riƙe kowace mahaɗa har aikin ya zauna. Wanda ya taɓa kallon kitso zai gane dabarar nan take, illa dai a nan igiyoyin ba uku ba ne, suna iya kai ɗaruruwa. Takardun zanen da aka bayar duk na torchon ne, wanda ramukansa suke jere a karkace bisa tsari ɗaya, kuma zaɓi ne mai kyau ga ɗan koyo, domin kuskure yana fitowa fili tun kafin a yi nisa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, bayan mutum ya shafe yammaci guda bai saƙa abin da ya wuce tsawon ɗan yatsa ba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa leshi ya taɓa zama dukiyar da ake rubutawa a wasiyya.

Kayan aikin kansu ba su kai darajar dabarar da suke koyarwa ba. Matashin soso ne mara nauyi da aka lulluɓe da yadi, yana zamewa a kan tebur da zarar an ja zare, kuma bayan an soka fil a wuri ɗaya sau da yawa sai ramin ya saki. Fil ɗin ma na ƙarfe ne mai kauri, alhali masu wannan aiki sun daɗe da sanin cewa siririn fil na tagulla ya fi, tunda ba ya tsatsa ya ɓata farin zare. Kwarkwaron kuwa an goge su sumul, ba sa kama zare, ba ni da abin cewa a kansu.

Babin farko na littafin ya kawo hujjoji biyu masu kyau game da asalin leshin kwarkwaro. Ya ambaci Le Pompe, littafin zane-zanen da aka buga a Venice a 1557, da kuma wani da aka buga a Zurich wajen 1561, wanda marubuciyarsa ta ce fatake ne suka kawo sana'ar daga Venice a 1536. Sai dai a shafi na gaba ya warware abin da ya ƙulla, inda ya ce Barbara Uthmann ta garin Annaberg a ƙasar Jamus ita ce ta ƙirƙiro saƙar. Wannan tatsuniya ce da aka daɗe ana maimaitawa. Matar, wadda ta rasu a 1575, 'yar kasuwa ce da ta ba ɗaruruwan mata aikin yi a yankin masu haƙar ma'adinai, kuma hakan ya isa abin yabo ba sai an jingina mata abin da aka riga aka sani a Italiya da yankin Flanders na Beljiyam ta yau ba. Littafin da ya kawo shekarar 1536 da kansa bai kamata ya faɗa wannan rami ba.

Game da ƙarni na 17 littafin ya yi ƙoƙari, kuma a nan ne karkatarsa ga fada ta yi rana, domin a wancan zamani kwalliyar fada ce take juya akalar sana'ar. Ƙatuwar kwalar nan mai sitaci da take zagaye wuya kamar faifai tana bukatar leshi mai tsini da ƙarfi. Da aka daina yayinta aka koma kwala mai kwantawa a kafaɗa, sai aka nemi leshi mai faɗi da laushi, wanda masu kwarkwaro na Flanders da Genoa suka ƙware a kai. Daga tsakiyar ƙarnin Venice ta sake karɓe kasuwa da gros point, leshin allura mai manyan furanni da aka cusa wa zare a gefuna har suka yi tudu kamar sassaƙa. Kuɗin da manyan Faransa suke zubawa a wannan kaya ya kai matsayin da Jean-Baptiste Colbert, ministan kuɗi na Sarki Louis na 14, ya kafa masana'antun sarauta a 1665, ya sa aka ɗauko ƙwararrun mata daga Venice da Flanders su koyar a garuruwa irin su Alençon da Sedan, aka kuma hana shigo da na waje. Hukumomin Venice sun ɗauki tafiyar waɗannan mata a matsayin cin amanar ƙasa. Ingila ma ta haramta shigo da leshin waje a 1662, abin da ya buɗe ƙofar fasa-ƙwauri, har ana danganta sunan point d'Angleterre, wato ɗinkin Ingila, da ake kiran wani leshin Brussels da wannan haramtacciyar hanya.

A daidai wannan wuri ne kuma akwatin ya yi abin da ya fi ɓata mini rai. Katin gros point ba aikin allura ba ne. Da na ɗora madubin a kansa ban ga jerin ƙulli ba, sai zare a cukurkuɗe mai gashi-gashi, alamar cewa injin surfani ne ya yi shi aka narkar da yadin da yake ƙarƙashinsa. An rubuta cewa kwaikwayo ne, amma da ƙananan haruffa a bayan katin. Ba wanda yake tsammanin a manna masa leshi mai shekara 350 a akwatin koyo, kuma ko sabon aikin hannu na wannan nau'i zai fi ƙarfin kuɗin akwatin duka. Abin da ya dace shi ne a faɗa ɓaro-ɓaro a fuskar katin, domin ɗan koyon da ya ɗauki wannan ƙyalle a matsayin ma'auni zai riƙa kiran kayan inji aikin hannu.

Katunan ƙarni na 18 sun nuna yadda aka gaji da nauyi aka koma neman shara-shara. Furanni suka ƙanƙance, raga ta mamaye fili, garuruwan Mechelen da Valenciennes da Binche da Brussels suka yi suna, kowanne da siffar idon ragarsa. Samfuran da aka bayar aikin hannu ne na wannan zamani kuma an yi su da tsabta, sai dai da auduga aka saƙa su, alhali na asali da lilin ne mai sirantakar da ake kaɗa shi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi don kada busasshiyar iska ta tsinka shi. Littafin ya faɗi wannan bambanci da kansa, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tarwatsa masu sayen kayan, yayin tufafi ya koma farin yadin auduga mara ado, garuruwa da dama ba su sake farfaɗowa ba.

Daga nan ne littafin ya fara gaggawa, a wurin da ya fi kamata ya tsaya. Zamanin inji, wanda shi ne ya haifar da kusan duk leshin da ake sawa a duniya yau, shafuka kaɗan aka ba shi, an kuma rubuta su da muryar makoki kamar ba abin da inji ya kawo sai lalacewa. Gaskiyar ta fi haka faɗi. John Heathcoat ya yi rajistar injinsa na saƙa raga a 1808 da 1809, bayan ya zauna ya lura da yadda zare yake tafiya a kan matashin masu aikin hannu, wasu suna sauka a miƙe wasu suna ratsawa a karkace. A 1813 John Levers ya gyara wannan tsari a Nottingham, ya fito da injin da ake kira Leavers, inda dubban siraran fayafayan tagulla masu ɗauke da zare suke lilo gaba da baya a tsakanin zaren tsaye, suna murɗe shi kamar yadda yatsu suke yi. A 1816 ma'aikatan da suke ganin injuna za su raba su da abincinsu suka farfasa masana'antar Heathcoat a Loughborough, shi kuma ya kwashe ya koma Tiverton. A wannan shekarar dai wasu Ingilishi suka tsallaka da inji zuwa garin Calais na Faransa a ɓoye, domin dokar Ingila ta hana fitar da injuna, kuma daga wannan fasa-ƙwauri ne masana'antar Calais da Caudry ta tsiro, wadda har yau manyan gidajen ɗinki na Faris suke sayen kayanta. Da aka haɗa injin da katunan Jacquard masu huji, waɗanda suke sarrafa zanen saƙa, a shekarun 1830, sai ya iya saƙa fure da raga a lokaci guda. Kusan duk wannan babu shi a littafin, in ban da sunan Heathcoat da shekara ɗaya.

Abin mamaki, katunan sun cike giɓin da rubutun ya bari. An jera leshin Chantilly baƙi na hannu kusa da na injin Leavers, kuma daga nesa ba mai iya raba su. A ƙarƙashin madubi ne bambancin yake bayyana. A na hannu idanun ragar ba su zama daidai wa daida ba, zaren da ya cike fure yana karkata yana bin siffar ganye, kaurin zaren da ya zagaye furen kuma yana tafiya a cikin saƙar. A na inji kuwa cikin furen yana da layuka a miƙe masu bin tsawon yadin, kaurin zaren an datse shi a farkon kowane fure da ƙarshensa, 'yan kunnuwan bakin leshin ma daga baya aka ɗinka su. Wannan gwaji shi kaɗai ya biya rabin kuɗin akwatin, domin wanda ya yi shi sau ɗaya ya sami idon da zai yi masa amfani a gaban kowane tsohon leshi. Ya kuma nuna cewa aikin Leavers ba abin rainawa ba ne, saƙa ce ta gaskiya da zare yake murɗe zare, ba kamar na injin Raschel ba, wanda ya yaɗu daga shekarun 1950 da zaren nailan, mai sauri da araha amma shimfiɗaɗɗe mara tudu.

Katin da ya biyo baya na leshin da ake narkar wa yadi ne, kuma a nan an rubuta gaskiyarsa a fili. Isaak Gröbli na ƙasar Suwizalan ya ƙera injin surfani na Schiffli a 1863, sannan a farkon shekarun 1880 aka gano yadda za a yi surfani da auduga a kan yadin da sinadari yake cinyewa, adon ya tsaya shi kaɗai. Garuruwan St. Gallen da Plauen suka yi arziki da wannan, har surfani ya zama kan gaba a kayan da Suwizalan take fitarwa kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wato bayan shekaru 300 sana'ar ta sake komawa ga surfanin da ta fito daga cikinsa, abin da katin farko da wannan suke nunawa idan aka haɗa su, ko da yake littafin bai lura ba.

Babban rashin da na gani shi ne na mutanen da suka yi aikin. Littafin ya ba da shafi guda ga rigar auren Sarauniya Victoria ta 1840 da leshin Honiton da aka yi mata ado da shi, amma bai ce uffan ba game da makarantun leshi na yankunan Bedfordshire da Buckinghamshire na Ingila, inda yara 'yan shekara biyar ko shida suke wuni a duƙe a kan matashi suna rera waƙoƙin ƙirga fil don kada hannu ya yi sanyi. Bai ambaci yadda mata suke zagaye kyandir ɗaya da dare ba, kowace da kwalbar ruwa a gabanta mai tattara hasken ya sauka a kan aikinta, ko yadda dillalai suke biyan su da kayan shago maimakon kuɗi. Ya kawo leshin Ailan a matsayin ado kawai, alhali yunwar da ta fara a 1845 ce ta sa gidajen zuhudu da masu taimako suka yaɗa koyar da shi don iyalai su sami na abinci. Haka makarantar tsibirin Burano da yake kusa da Venice, an buɗe ta ne a 1872 bayan wani matsanancin hunturu ya hana masunta fita, aka nemo wata tsohuwa, Cencia Scarpariola, wadda take cikin 'yan kaɗan da suka rage da sanin tsohon ɗinkin, ta koyar da shi. Tarihin da ya nuna wuyan da ya sa kwala ya ɓoye idon da ya dushe wajen saƙa ta, rabin tarihi ne.

Babin ƙarshe gajere ne amma abin da ya faɗa daidai ne. Ya nuna yadda jiragen Fotugal da Sifen suka kai sana'ar gaɓar Barazil da Siri Lanka, har ta shiga Faragwai, ya kuma kawo cewa hukumar UNESCO ta sa saƙar leshin Kuroshiya cikin jerin al'adun gado a 2009, ta Alençon a 2010, ta Sulobeniya a 2018. A Alençon, murabba'in santimita ɗaya yana cin kimanin awa 7 na aiki, kuma ƙwararru kaɗan ne suka san dukkan matakansa.

Ga malamin zane ko ɗinki, da mai sayen tsofaffin yadudduka, da duk wanda yake son ya iya bambance aikin hannu da na inji, akwatin ya cancanci kuɗinsa saboda katunan da madubin, muddin ya rubuta wa kansa a fuskar katin gros point cewa na inji ne. Wanda kuwa niyyarsa ita ce ya koyi saƙar sosai, torchon ɗin da yake ciki zai kai shi 'yan makonni ne kawai, kuma tun kafin ya gama takardar zane ta biyu zai bukaci matashi mai nauyi da siririn fil na tagulla. Littafin a karanta shi don ƙarni na 16 zuwa na 18, a tsallake maganar Barbara Uthmann, sannan a nemi labarin Nottingham da Calais a wani wuri.